Yadda ake saita firesha ɗin mai idan ka ɗaura wa mota regileta ta kasuwa

Jama'a assalamu alaikum. Kwanaki wani matashi ya shigo min gareji da Honda Civic ɗinsa ƙirar 1998, yana kukan wai tunda aka ɗaura masa sabuwar regileta mai juyawa motar ta koma shan mai kamar an huda tanki, silo ba ya tsayawa, in ka tsaya bayanta kuwa warin ɗanyen fetur sai ya sa ka hawaye. Na kwance fulogi ɗaya, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na leƙa gejin da ke jikin regiletar yana nuna psi 45, psi ɗin shi ne ma'aunin firesha. Ya ce min, "Oga ai daidai ne, haka aka ce a sa ta." Ban ce masa komai ba, na sa hannu na zare ɗan siririn tiyon iskan da ke kanta, nan take allura ta haura 54. To kun ji inda matsalar take, wanda ya saita masa bai cire wannan tiyon ba. Kuma wallahi mutane da yawa a nan suke faɗawa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin dalla-dalla.

Da farko ka fahimci me regiletar take yi, don in ba ka gane wannan ba duk juyin da za ka yi lalube ne a duhu. Famfon mai da ke cikin tanki shi dai turo mai kawai ya sani, kuma yana turo fiye da abin da injin ke buƙata. Man ya bi ta filta ya shigo bututun nan da nozul suke jere a jikinsa wanda muke ce wa rel, ita kuma regileta tana zaune a ƙarshe kamar mai gadin ƙofa. A cikinta akwai sifirin da wani faifan roba, dayafram kenan. Sifirin na danne ƙofar, sai man ya taru ya yi ƙarfin da zai rinjayi sifirin sannan ƙofar ta buɗe rarar ta koma tanki ta layin komawa. Sukurun da ke samanta aikinsa kawai ya ƙara danne sifirin ko ya sassauta shi. Ka juya hannun dama, yadda ake ɗaure noti, firesha ya hau. Ka juya hagu ya sauka. Shikenan.

Shi kuma ɗan tiyon iskan daga manifol ya fito, wato bututun da ke kai iska cikin injin. Lokacin da mota ke silo, totur a rufe yake, injin na zuƙar iska da ƙarfi, wannan zuƙar tana jan dayafram ɗin sama tana rage wa sifirin ƙarfi, sai ka ga firesha ya sauka da kamar 8 zuwa 10. In ka taka totur ƙasa zuƙar ta tafi, firesha ya dawo ainihin inda sifirin yake. Wannan ainihin shi ake saitawa, kuma ba za ka gan shi a silo ba sai ka cire tiyon. Yaron nan nasa 54 ne ainihi maimakon 43 da ɗoriya, kuma lissafin yadda nozul ke fesa mai ya nuna wajen kashi 11 cikin 100 ake ƙara wa injin a kowane fesawa.

Kafin ka taɓa sifana, ka tabbatar motarka irin wadda ake wannan aikin ce. Tsoffin motoci masu injekta na shekarun 1990, irin su Civic daga 1992 zuwa 2000, suna da layin komawa, za ka ga tiyo biyu, ɗaya na shigowa rel ɗaya na fita daga regileta zuwa tanki. Waɗannan su ne aikin ke da sauƙi a kansu. Amma Corolla ta 2003 zuwa sama da Accord ta 2003 ɗin nan da ake ce wa EOD, layi ɗaya ne kacal ke zuwa injin, regiletarsu a cikin tanki take tare da famfo, babu tiyon iska a kanta sam. Irin waɗannan sai an ja sabon layin komawa an cire ta cikin tankin, kuma burenbos ɗinsu, wato kwamfutar injin, an tsara shi ne a kan firesha tsayayye wanda ba ya hawa ba ya sauka, to wannan wani aikin ne daban ba na yini ɗaya ba. Motocin zamani masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda da kuma masu dizal, don Allah kar ka kusanci layinsu da irin wannan regiletar, can firesha ɗin yana wuce bar 100, bar ɗin ma'aunin firesha ne da ya fi psi girma, zai iya huda fatar mutum.

Sannan ka nemi adadin da kamfanin motar ya ce. Yawancin masu injekta a kusa da bar 3 suke, wato psi 43.5, tunda bar ɗaya psi 14.5 ne. Civic ɗin da nake magana tsakanin 38 da 46 ake so idan tiyon iska a cire yake. Amma ba kowa ba fa. Golf 3 ɗin nan mai nozul ɗaya a sama kamar kabureta, wajen bar 1 kawai take so. Injinan LS na motocin Amurka 58 suke ci, bar 4 kenan. Mai kabureta kuwa 4 zuwa 7 ne, wasu ma ƙasa da haka, kuma regiletarsu daban ce, sifirin na injekta ba zai sauka can ba. Ka duba gejinka da kyau ma ka ga wane layi kake karantawa, don wasu suna da psi a waje bar a ciki, wasu na Japan kilo suke rubutawa.

Kayan aiki ba su da yawa: alanki daidai kan sukurun, sifana ta notin da ke kulle shi, geji mai kyau, tsummoki, ɗan abin da za ka toshe tiyo da shi ko da ƙaramin kusa mai tsabta ne, tabarau na kare ido, da na'urar kashe gobara a kusa da hannunka, ba a cikin ofis ba. In kana da ɗan sikana na OBD2 da ake haɗawa da waya, ɗauko shi, zai yi amfani a ƙarshe.

Bari in ɗan tsaya a kan maganar geji don ya sha ba ni wahala. Ƙananan gejin nan masu ruwa a ciki da ke zuwa tare da regileta, in ɗakin injin ya ɗau zafi ruwan cikin na kumbura ya danne allura, sai ka ga yana nuna ƙasa da gaskiya. Da safe ka saita 43, da azahar a zafin watan Afrilu ka buɗe bonet ka ga 38, hankalinka ya tashi ka ƙara juya sukuru, alhali man bai canza ba gejin ne ya yi zafi. Wasu suna da ɗan murfin roba a sama da ake ɗagawa kaɗan iska ta fita ya dawo daidai. Ni dai abin da nake yi, ina haɗa babban gejin gwaji na gareji in saita da shi, in kalli bambancinsa da ƙaramin, in riƙe a kaina. A tsoffin Honda a kan filtar mai da ke jikin bangon injin ake ɗaura shi.

To yanzu aiki. Ka ajiye motar a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da mai walda, nesa da janareta da mai shayi, kuma duk mai sigari ya matsa can. Injin ya huce. Ka cire fis ko rile na famfon mai, ka ta da motar ka bar ta har ta mutu da kanta, ka ƙara ba ta sitata na 'yan daƙiƙu, ka buɗe murfin tanki iska ta fita, sannan ka cire wayar batir ta nagetif. Duk da haka in za ka kwance tiyo ka naɗe wurin da tsumma, akwai sauran mai a ciki kuma yana iya feso maka a ido.

Idan ba a riga an ɗaura regiletar ba, ga abubuwan da nake so ka kula da su. Dole a cire ta kamfani daga rel, ko dai sabuwar ta zauna a mazauninta ko a sa adafta a ja tiyo zuwa inda ka kafe ta. Na sha ganin an bar tsohuwar a wurinta an yanka layin komawa an saka sabuwar a tsakiya, to a haka ba za ka taɓa sauka ƙasa da abin da tsohuwar ke riƙewa ba, kuma gejin da ke jikin sabuwar ba abin da ke cikin rel yake nuna maka ba. Yawanci ramukan gefe su ne shigar mai, na ƙasa shi ne komawa tanki, amma ka duba takardar da ta zo da ita ka tabbatar. Tiyo kuwa sai na injekta, ka karanta jikinsa ka ga an rubuta 30R9, kar ka yarda da tiyon kabureta ko na ruwa don ya fi araha, zai kumbura ya fashe a kan injin mai zafi. Kilif ma na injekta mai santsin ciki wanda ba ya yanka roba. Inda haɗin ke da zoben roba ba a naɗa masa farin tef, zoben ne ke rufewa, ka ɗan shafa masa baƙin mai kar ya yage. Ramin geji ne ke son abin toshe zare, wanda fetur ba ya narkarwa, kuma ka bar zaren farko babu komai don kar ɓarɓashi ya faɗa ciki ya je ya toshe maka hanya. Shi kuma tiyon iska ya fito daga manifol bayan totur, shi kaɗai in da hali, ba a raba shi da wasu abubuwa barkatai ba.

Kafin ka maida fis, sassauta notin kulle ka juya sukurun hagu har ka ji ya yi sako-sako, amma kar ya fita. Gara ka fara daga ƙasa kana hawa. Maida fis da batir, ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa ba tare da ka ta da injin ba, za ka ji famfo ya yi ƙara na kamar daƙiƙa biyu ya tsaya. Kashe, ka sake, sau uku ko huɗu. Sai ka bi kowane haɗi da yatsa da busasshen tsumma, ka sunkuya ka shinshina. Ɗigo ɗaya ka gani, tsaya ka gyara tukunna. Babu wani "ai ɗan kaɗan ne" a maganar fetur.

Idan ko'ina a bushe yake, ka ɗan ɗaure sukurun har allura ta kai kamar 35 lokacin da famfo ke ƙara, don motar ta samu ta tashi. Ta da ita, ka bar ta ta yi ɗumi har silo ya zauna, esi da fitilu a kashe. Yanzu ne ainihin wurin. Zare tiyon iska daga kan regileta, ka toshe bakin tiyon, wato ɓangaren da ya tafi manifol, don kar injin ya riƙa shan iskar ɓarauniya silo ya tashi. Shi kuma ɗan bakin da ke jikin regiletar ka bar shi a buɗe, kar ka toshe shi. Ka kalli bakin nan da cikin tiyon, in ka ga fetur ko danshinsa to dayafram ya yage, kashe motar, wannan regiletar ba ta saituwa sai an canza faifan ko ita gaba ɗaya.

Sa alanki ka juya dama a hankali, kwata-kwata na zagaye, ka dakata allura ta zauna, ka ƙara. Kar ka yi gaggawa, wasu regiletocin rabin zagaye kawai ke ɗaga su da yawa. In ka wuce inda kake so, ka koma ƙasa da shi sosai sannan ka sake hawowa, ya fi zama daidai a kan ka tsaya daga saukowa. Da ka kai adadinka, a ce 43 ko 44, riƙe alankin gam da hannu ɗaya ka ɗaure notin kulle da ɗaya hannun. Nan ma ana yawan kuskure, mutum ya saki alanki ya ɗaure noti, sukurun ya bi notin ya juya, 43 ta koma 47 bai sani ba. Kuma ba ɗaurin taya za ka yi masa ba, jikin alminiyom ne, zaren na cinyewa. Bayan ka ɗaure sake kallon geji.

Cire abin toshiyar ka maida tiyon. Allura ta faɗo nan take zuwa wajen 34 ko 35, kuma hakan shi ne daidai, kar ka ce ta yi ƙasa ka koma juyawa. 'Yan'uwa na Jos da sauran wurare masu tudu za su ga faɗuwar ba ta kai haka ba da kaɗan, saboda iskar can ba ta kai nauyin ta Kano ko Sakkwato ba, haka ma injin da aka sa wa kam na tsere. Idan kuwa allurar ba ta motsa ba ko kaɗan, to tiyon ya toshe ko ya tsage ko ba daga wurin da ya dace aka ɗauko shi ba. Sai ka fizgi totur da hannu sau ɗaya, ya kamata allura ta yi tsalle zuwa kusa da 43 ta dawo.

Mai turbo akwai ƙarin abu. Regiletar na ƙara firesha ɗaya bisa ɗaya da iskar da turbo ke turawa, in ka saita 43 turbo ya ba da psi 10, dole geji ya nuna 53 a lokacin. Ka ɗaure tiyon iskan da kebul tai a duka bakin biyu, don in ya fizge ana cikin gudu mai zai gaza kuma fistin ne zai biya kuɗin.

Saiti a tsaye rabin aiki ne, sai an gwada a kan titi. Abin da kake nema shi ne idan ka taka ƙasa a giya ta biyu ko ta uku, firesha ya hau zuwa ainihinsa ya tsaya cak har injin ya kai sama. In yana zamewa 43, 40, 36 yayin da injin ke ƙara kuka, ɗaga ƙafarka, famfo ne ya gaji ko filta ta toshe ko wuta ba ta isa famfon, kuma ƙara ɗaure sukuru ba zai gyara ba, ƙara wa famfon wahala ma zai yi, don duk sanda firesha ya ƙaru yawan man da famfo ke iya turowa raguwa yake. Kar ka kuskura ka ja tiyon fetur zuwa cikin mota don ka ga geji. Ko ka yi amfani da geji mai sensa da waya, ko ka manna na gwajin a gilashin gaba ta waje, wani na tuƙi kai kana kallo.

Sai sikana. Ka goge tsohon abin da burenbos ya koya, ka yi tafiya ta kamar minti ashirin, ka duba STFT da LTFT, su ne ke nuna yawan man da burenbos ke ƙarawa ko ragewa don ya riƙe haɗin iska 14.7 da mai 1. In jimlarsu na cikin 10 sama ko ƙasa, lafiya lau, in kusa da sifili ne ma ya fi. In ka ga ya nutse can ƙasa mai ya yi yawa, har yakan kawo lambar matsala P0172 a sikana. In ya haura sama mai ya gaza ko iska na shiga ta wani wuri, shi ne P0171.

Wannan ya kawo ni kan abin da ke damuna ƙwarai. Tunda fetur ya yi tsada wasu ke zuwa suna cewa a rage musu firesha wai don mota ta daina shan mai. Ɗan'uwa ba ta haka ake yi ba. Ka sauke daga 43 zuwa 35, nozul zai rage fesawa da wajen kashi 10 cikin 100, amma a tafiyar yau da kullum sensar salansa, wadda ke auna hayaƙin da ke fita, za ta gaya wa burenbos man ya ragu, shi kuma ya ƙara tsawon lokacin buɗe nozul ya maida abin da ka rage, ba ka tsira da ko lita ɗaya ba. Inda abin ke cizo shi ne lokacin da ka taka ƙasa za ka wuce tirela, a nan burenbos ba ya sauraron sensar, abin da aka rubuta masa kawai yake bi, sai injin ya samu kansa da ƙarancin mai a daidai lokacin da ya fi buƙata, zafi ya hau, ya fara ƙwanƙwasa, bawul ya ƙone. Masu ƙarawa don wai mota ta ƙara ja su ma haka, daga bar 3 zuwa bar 4 kashi 15 kawai ake samu na mai, kuma in ba iska aka ƙara ba wannan man ba ƙarfi zai zama ba, wanke bangon silinda zai yi ya gangara ya tsinka baƙin mai ya kashe katalis, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa. Inda regileta mai juyawa ke da amfani na gaskiya shi ne in ka sa babban famfo irin Walbro 255 wanda ya fi ƙarfin ƙofar ta kamfani, ko ka canza nozul, ko ka sa turbo kuma mai tunin, wato mai sake tsara burenbos, ya ce ga adadin da yake so.

Idan ka juya hagu har ƙarshe firesha ya ƙi sauka, bi layin komawa, ko ya lanƙwashe a wani wuri ko ya yi siriri ga famfon. Idan ya ƙi hawa, ka ɗan matse tiyon komawa na roba na daƙiƙa ɗaya ko biyu kacal, in allura ta harba sama famfo lafiya yake regiletar ce, in ba ta motsa ba ka koma tanki, har da ɗan guntun tiyon da ke cikin tankin yakan tsage. Rawar allura 'yar kaɗan a silo ba komai ba ce, bugun nozul ne. Sannan da yawa daga cikin regiletocin kasuwa, har masu suna, ba sa riƙe firesha bayan an kashe mota kamar ta kamfani, za ka ga allura na sauka, in dai babu ɗigo a waje kuma nozul ba ya zuba, ka saba da murɗa makulli ka jira famfo ya gama ƙararsa kafin ka ba ta sitata. Akwai kuma na jabu masu ɗauke da sunan Aeromotive ko Tomei ko SARD a jiki, in kuɗin ya yi arha fiye da hankali ka bar ta, don faifan robarsu ne ke fara yagewa ya riƙa tura fetur cikin manifol.

Civic ɗin yaron nan 44 muka tsayar da ita tiyo a cire, da aka maida ta zauna 35. Muka sa sabbin fulogi, muka juye baƙin man don yana warin fetur sosai. Na ɗiga fenti a kan notin da sukurun don in ya motsa a gani, na rubuta "44, tiyo a cire" da maka a ƙarƙashin bonet saboda bakaniken da zai taɓa ta nan gaba. Na ce ya dawo bayan kwana uku mu sake bin kilif ɗin, don sabon tiyo yakan zauna bayan ya sha zafi ya huce sau biyu ko uku, kuma da ya dawo ɗin mun samu guda biyu da suka ɗauki ƙarin ɗauri.